Tikitin Shiga

Da Lubabatu ta dawo daga Ingila
ba tsaraba ta fara ciro mana ba, waya ta miƙo.
Ga coci mai shekara ɗari takwas,
ga ganuwar dutse da ake yawo a kanta,
ga wata masaƙa da ta mutu tun kafin a haifi kakanmu,
an share ta, an shafe ta da mai tana ƙyalli,
sai ka biya kafin ka ga injin da ba ya motsi.

Kawu Barau ya karɓi wayar,
ya nisanta ta da idonsa, ya kusanto.
“Kuɗi kika biya don ki ga masaƙa?”
Bai ƙara ba har shayinsa ya huce.
Ran Asabar sai ga shi da hular zuwa ɗaurin aure.

Mun fara da inda kowa ke farawa:
ginin majalisa mai ƙubba, daga bakin titi,
don ɗan sanda ya ce yau ba ranar shiga ba ce.
Sai Gamji, ga tsohuwar gadar ƙarfe
da aka ce daga Zungeru aka kwanto ta.
Saurayi da budurwa na hoto a kanta,
ba ruwansu da shekarunta.
Kawu na inuwa yana duban agogo.
“Ku gama,” in ji shi, “ba nan ba ne.”

Muka haye kogi, ruwan Agusta ya cika shi
launin shayi mai madara.
Muka bar tashar jirgi da awakinta kwance a layin dogo,
mai keke napep ya gangara da mu Kakuri.

Ƙofar ƙarfe. Tsatsa ta cinye sunan kamfanin,
ta rage harafi uku, ko ita ta ƙoshi.
Maigadi ya taso da sanda, ya tsaya,
ya saki sandar.
“Barau? Barau na layi na huɗu?”
“Bitrus, ashe kana nan!”
Suka riƙe hannu, suna magana da ƙarfi
irin ta waɗanda suka saba da ƙarar inji.

Ciki babu rabin rufi.
Gwanda ta fito a tsakar siminti, har da ’ya’ya.
Tantabaru suka tashi, kashinsu ya zubo.
Kawu ya sa bayansa a ƙofa ya fara ƙirga taku,
ɗaya, biyu, har ashirin da bakwai,
ya tsaya kan wasu kusoshi huɗu da suka leƙo daga ƙasa.
“Nan.”

Shekara ashirin da uku, nan.
Jiniyar asuba, kekuna kamar fari a kan titi,
auduga a gashin ido, auduga a tuwo.
Atamfar da uwarki ta ɗaura ran sunanki,
ta ƙarƙashin hannun nan ta bi.
Kunnen hagu ma nan na bar shi,
in kin gan shi ki ɗauko min.

Lubabatu ta ɗaga waya, ta sauke.
Ta ce, “A can akwai allo, an rubuta komai a jiki.”
Bitrus ya yi dariya har da tari,
ya nuna Kawu da haɓa:
“Ga allonki nan, har da hula.
Karanta da wuri, fentin ya fara tashi.”

Da za mu fita ta ninke dubu biyu a tafin hannu.
Bitrus ya mayar mata da yatsunta, ɗaya bayan ɗaya.
“Da mai gida kuka zo.”

A hanya ba wanda ya tanka.
Wani noti mai tsatsa ya kumbura aljihun Kawu,
ban ga lokacin da ya sunkuya ba.
Yatsunsa na bugun gwiwa,
tak-tarak, tak-tarak, tak-tarak,
ba su kuskure ko sau ɗaya ba
har muka sake haye gada.